Karo na Biyu: Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Ɗalibai Hausawa Zaɓi Tsakanin "a" da "the" a Maganganun Maimaici

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙa'idojin nahawun Ingilishi da ake sa yara haddacewa tun daga manyan azuzuwan firamare, akwai wata guda da kusan kowane malami ya san ta da ka, wato cewa lambar matsayi, irin su "first" da "second" da "third", dole ne kalmar "the" ta zo kafin ta. Ƙa'ida ce gajera, mai sauƙin rubutawa a allo, mai sauƙin fitarwa a jarrabawa, shi ya sa ta samu karɓuwa a littattafan makaranta da kuma bakunan malamai.

Marubucin wannan takarda ya taɓa zama a bayan wani aji na ƙaramar sakandare, lokacin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Wata yarinya ta rubuta a cikin insha'inta: "My uncle married a second wife last year." Malamin ya ja jan biro a kan "a" ya mayar da ita "the". Da aka tambaye shi dalili bayan an tashi, sai ya ce, "Ai ƙa'ida ce, Malam, haka aka koya mana." Gaskiya ya faɗa, haka aka koya masa. Sai dai jimlar yarinyar ita ce ingantacciya, gyaran kuwa shi ya ɓata ta.

Wannan takarda sharhi ce a kan wannan ƙa'ida da yadda ake koyar da ita, musamman a maganganun da suka shafi maimaita aiki. Abin da take son nunawa shi ne ƙa'idar rabin gaskiya ce, kuma kuskuren da take haifarwa daga koyarwa yake tasowa. Bugu da ƙari, ɗalibi Bahaushe ya riga ya zo aji da wannan bambanci na ma'ana a harshensa, manhaja ce ba ta yi amfani da shi ba.

2.0 Inda Ƙa'idar Ta Yi Daidai

Adalci ne a fara da faɗin amfanin ƙa'idar. A wurare da dama tana aiki ba tare da tangarɗa ba. Ana cewa "the first of October" da "the twentieth century" da "the second chapter of the book". A duk waɗannan, akwai jeri tsayayye wanda mai magana da mai sauraro suka sani: kwanakin wata, ƙarnuka, babukan littafi. Kowane gurbi a jerin abu guda ne ke cikinsa, don haka da zarar an ambaci lambar, an gane abin da ake nufi.

To, a nan ne asalin lamarin yake. Kamar yadda Hawkins ya yi bayani a littafinsa na 1978, haka kuma Quirk da abokan aikinsa a babban nahawunsu na 1985, aikin "the" shi ne nuna cewa mai sauraro zai iya gane takamaiman abin da ake nufi, ko dai daga maganar da ta gabata, ko daga halin da ake ciki, ko kuma daga sanin da suka yi tarayya a kansa. Ke nan sanin jerin ne ke jawo "the". Lambar matsayi ta yawaita zuwa tare da ita ne kawai saboda galibi a cikin sanannen jeri ake amfani da ita. Masu rubuta littattafan makaranta sun ga abokan tafiya biyu da suka saba jerawa tare, sai suka ɗauka ba sa rabuwa.

3.0 Abin da Ƙa'idar Ta Bari a Baya

A dubi waɗannan jimloli:

(1) He knocked a second time.
(2) The second time he knocked, the door opened.

A jimla ta (1), mai magana yana sanar da aukuwar sabon ƙwanƙwasawa ne, ƙari a kan wanda ya gabata. Mai sauraro bai san da shi ba sai yanzu. A jimla ta (2) kuwa, an riga an san mutumin ya ƙwanƙwasa fiye da sau ɗaya, ana ware ɗaya ne daga ciki domin a faɗi abin da ya faru a lokacinsa. Ashe ke nan "a second" na nufin wani guda bayan na farko, "the second" kuwa na nufin wanda ke gurbi na biyu a jerin da aka sani.

Tarihin kalmomin ma ya goyi bayan wannan. Kalmar "a" ko "an" ta samo asali ne daga kalmar da ke nufin ɗaya a tsohon Ingilishi, ita kuwa "the" daga kalmar nuni ta fito. Ɗaya tana ƙara guda a lissafi, ɗayar tana nuna wanda ke nan.

Misali mafi kusa da ɗalibanmu yana cikin kalmar "term", wadda ke ɗaukar ma'anar zangon karatu da kuma wa'adin mulki:

(3) The third term ends in July.
(4) His supporters wanted a third term for him.

Zango na uku yana nan a kalandar makaranta, kowa ya san da shi. Wa'adi na uku kuwa, a jimla ta (4), abu ne da ake nema, bai samu ba tukuna. Wanda ya bi siyasar ƙasar nan zai tuna cewa an zaɓi Shugaba Olusegun Obasanjo a 1999, aka sake zaɓensa a 2003, sannan a ranar 16 ga Mayu, 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar tazarce. Wa'adin da bai taɓa tabbata ba, ba shi da gurbi a wani sanannen jeri, saboda haka "a" ce ta dace da shi a wannan jimla.

Irin wannan ne ake samu a "a second chance" da "a second opinion" da "a second look". Har ma a fagen aikinmu, ana cewa "English as a second language", domin ana nufin wani harshe ƙari a kan na uwa. Malamin da ya riƙe ƙa'idar haddar nan da gaske, sai ya ja jan biro a kan sunan darasin da yake koyarwa.

Idan aka koma ga jimlar yarinyar nan, za a ga abin da gyaran ya jawo. Da aka ce "married the second wife", Baturen da ya karanta zai tsaya yana tambayar wace ce wannan mata ta biyu da aka riga aka sani, ko kuwa matar wani ce. Yarinyar dai abin da take nufi shi ne kawunta ya ƙara aure. Da a jimla ta gaba za ta ci gaba da bayani a kan amaryar, a nan ne "the second wife" za ta zauna daram, domin an riga an gabatar da ita.

Akwai kuma wuraren da duka biyun suke karɓaɓɓu. Nijeriya ta ci kofin ƙwallon ƙafa na ƙasashen Afirka a 1980 da 1994 da 2013. Ana iya cewa:

(5) Nigeria won the cup for the third time in 2013.
(6) Nigeria won the cup for a third time in 2013.

Ta (5) tana ƙirga nasarar ne a cikin tarihin nasarori, ta (6) kuwa tana ba da nauyi ga cewa an sake yin nasara. Bambancin siriri ne, kuma babu wadda za a kira kuskure.

4.0 Yadda Hausa Ke Bayyana Wannan Bambanci

4.1 Daidaitawar da Ke Ɓad da Ɗalibi

Hanyar da malamai da yawa kan bi idan suna so su sauƙaƙa darasi ita ce su ce "the" daidai take da madanganci, wato -n ko -r da ake liƙawa a ƙarshen suna, "a" kuwa daidai take da wani ko wata. Wannan daidaitawa tana da nakasu ta fuskoki uku.

Na farko, sunan Hausa yakan tsaya shi kaɗai ba tare da wata alama ba, kuma ya ɗauki ma'anar sananne ko baƙo gwargwadon muhalli. Idan aka ce "Sarki ya fito", kowa ya san wane sarki ake nufi, alhali babu madanganci. Ingilishi kuwa ba ya barin tilon suna mai ƙirguwa ya tsaya haka a mafi yawan wurare.

Na biyu, madanganci, wanda Galadanci ya yi bayaninsa a 1976, sannan Newman a 2000 da Jaggar a 2001 suka faɗaɗa, galibin aikinsa shi ne mayar da hankali ga abin da aka riga aka ambata ko aka fahimta daga magana. Da'irarsa ba ta kai ta "the" faɗi ba. Ba a cewa "ranar ta fito" idan ana nufin fitowar rana ta kullum. Ga shi kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka "rigar" mai madanganci da "rigar" ta cikin "rigar Audu" siffa ɗaya suke da ita a takarda, abin da ke ƙara rikita yaro.

Na uku, kuma wanda ya fi shafar wannan takarda, shi ne cewa "karo na biyu" tana iya fassara "a second time" tana kuma iya fassara "the second time". Ɗalibin da ya dogara da fassarar kalma da kalma ba zai sami abin da zai taimake shi a nan ba.

4.2 Inda Bambancin Yake Zaune

Hausa ta ajiye wannan bambanci ne a wani wuri dabam, wato a cikin aikatau. Muna da "sake" da "ƙara" da "kuma" da "daɗa", waɗanda ke zuwa kafin sunan aiki su nuna maimaici. A gwada fassara jimlolin da suka gabata yadda Bahaushe zai faɗe su:

(7) Ya sake ƙwanƙwasawa.
(8) A karo na biyun da ya ƙwanƙwasa ne ƙofar ta buɗe.

Babu yaron da Hausa ce harshensa na gida da zai rikita (7) da (8). Haka nan ya san bambancin "ya ƙara aure" da "matarsa ta biyu", ya san bambancin "a ƙara masa dama" da "damar da aka ba shi ta biyu". Abin da Ingilishi ya ɗora wa ƙaramar kalma kafin suna, Hausa ta ɗora wa aikatau ko tsarin jimla.

Daga nan malami zai iya fitar da gwaji mai sauƙi. Idan maganar ta karɓi "sake" ko "ƙara" a Hausa ba tare da ma'ana ta sauya ba, to "a" ake bukata. Idan kuwa maganar amsa ce ga tambayar "wanne daga ciki?", to "the" ce. Gwajin ba ya rufe kowace ƙofa, domin jimloli irin (5) da (6) suna karɓar duka biyun, amma ya fi ƙa'idar hadda kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, kuma yana sa yaro tunani a kan ma'ana.

Akwai wata gada kuma a cikin kalmomin "wani" da "ɗayan". Idan yaro ya ce "ba ni wani", yana neman ƙari ne ko sauyi daga cikin abubuwa da ba a ƙayyade ba. Idan ya ce "ba ni ɗayan", abubuwa biyu ne, ya ƙi wannan yana son wancan. Wannan shi ne ainihin bambancin "another" da "the other", kamar yadda "wasu" da "sauran" suke bambanta "others" da "the others". Kalmar "another" haɗi ce ta "an" da "other", shi ya sa ba ta karɓar wani atikul kafin ta. Ɗalibin da aka nuna wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake rubuta "the another".

4.3 Gudunmawar Larabci

Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun ratsa makarantun Islamiyya, inda suka ji batun ma'arifa da nakira. A Larabci, "marratan saniyatan" nakira ce, ma'anarta a sake, ita kuwa "almarratus saniya" ma'arifa ce, tana nufin takamaiman karo na biyu. Wannan ya yi daidai da abin da Ingilishi ke yi. Malamin da ke da irin waɗannan ɗalibai a ajinsa yana da jari a hannu, bai kamata ya bar shi a kwance ba.

5.0 Sauran Siffofin Maimaici

Rauni na biyu a yadda ake tsara darasin shi ne ɗaukar zaɓin tamkar tsakanin abubuwa biyu ne kawai. A maganganun maimaici akwai wasu siffofi da ya kamata a koyar tare.

Akwai "a" ta yawan aukuwa, kamar a "twice a day" da "three times a week". Wannan "a" ma'anarta kowace, kuma a tarihi daga wata kalmar nuna wuri da lokaci ta tsohon Ingilishi ta taso, kafin a haɗe ta da atikul. Wani abin sha'awa shi ne Hausa ma tana cewa "sau biyu a rana". Kamannin ya zo ne bisa dace kawai, amma yakan sa ɗalibi ya fassara "a" ta Hausa zuwa "in", ya rubuta "twice in a day". Wannan jimla tana nan a Ingilishi, sai dai ta fi karkata ga abin da ya auku sau biyu cikin wata rana guda, ba abin da aka saba yi kullum ba. A takardar shan magani wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma inda ba a sa komai, kamar "time after time" da "day after day" da "again and again". Waɗannan daskararrun maganganu ne da ake koyo a dunƙule, kuma sun yi kusa da "a kai a kai" da "ya yi ta kira" da ninkin aikatau irin na "tattambaya". Haka "next time" da "last time" sukan zo ba tare da "the" ba idan daga lokacin da ake magana ake auna su, amma sukan ɗauke ta idan wani bayani ya biyo baya ya ƙayyade su, kamar "the last time I saw him".

Daga ƙarshe akwai "the same", wadda kusan kullum "the" take ɗauka, da "for the first time", wadda ita ma haka take a mafi yawan amfani, tunda farko ba ya zama ƙari a kan wani abu da ya gabace shi. A irin waɗannan wurare hadda tana da amfani, kuma nan ne ya kamata a kai ta.

6.0 Tushen Kuskuren da Matsalar Jarrabawa

Tun daga littafin Lado na 1957, an saba ɗora laifin kurakuran mai koyon harshe a kan harshensa na farko. Corder a 1967 da Selinker a 1972 sun nuna lamarin ya wuce haka, har Selinker ya ware wani nau'in kuskure wanda hanyar koyarwa ce ke haifar da shi. Abin da ake magana a kai a nan yana cikin wannan nau'i. Yaron da ya bar atikul gaba ɗaya, ya rubuta "He came second time", ana iya cewa tasirin Hausa ne. Amma wanda ya rubuta "Please give me the second chance" yana nufin a ƙara masa dama, biyayya ya yi ga abin da aka rubuta masa a allo.

Tambayoyin cike gurbi suna ƙara dagula al'amarin. Idan aka ba yaro jimla guda tsirara, kamar "She read the letter ___ second time", aka ce amsa ɗaya ce daidai, alhali babu wata jimla kafin ta ko bayanta da za ta nuna ko karon sananne ne ko baƙo, to ba fahimtarsa ake aunawa ba, haddarsa ake aunawa. Yaro mai yawan karance-karance, wanda kunnensa ya saba da "a second time", shi ne zai faɗi. Daga nan sai ya koyi rashin yarda da abin da ya gani a ingantattun littattafai. Wasu daga cikin waɗannan yara su ne za su shiga kwalejojin ilimi, su fito malamai, su riƙe jan biro. Ta haka kuskuren ke zama gado.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bugunta na 1981 da 1998 da 2004, sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake zaune cikinta, kafin a koma Ingilishi. Hikimar wannan tanadi ita ce a gina sabon sani a kan tsohon. Amma a aikace, darasin Hausa da darasin Ingilishi sukan tafi ne kowanne a hanyarsa, tamkar ba yaro ɗaya ake koyarwa ba. Malamin Hausa yana koyar da madanganci da mafayyaci, malamin Ingilishi yana koyar da atikul a ajin da ke maƙwabtaka, babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya kwana.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

i. A sake fasalin ƙa'idar a jagoran malamai. A maimakon a ce lambar matsayi kullum "the" take ɗauka, a ce tana ɗaukar "the" idan tana nuna gurbi a sanannen jeri, tana kuma ɗaukar "a" idan tana nufin ƙari.

ii. A riƙa gabatar da misalai bibbiyu, kamar (1) da (2) ko (3) da (4), a sa yara su faɗi kowace jimla da Hausa kafin a ba su wata ƙa'ida. Bambancin zai fito daga bakinsu.

iii. A manhajar Hausa ta ƙaramar sakandare, a ware darasi a kan hanyoyin nuna maimaici: "sau" da "karo", "sake" da "ƙara" da "kuma", "wani" da "ɗayan", da ninkin aikatau. A tsara lokacinsa ya zo kafin darasin atikul na Ingilishi ko tare da shi.

iv. A daina gwada atikul da jimla guda tsirara. A yi amfani da gajeren sakin layi wanda ke nuna abin da aka sani da abin da ba a sani ba, kuma inda amsoshi biyu suka inganta, jagoran maki ya karɓi duka.

v. A kwasa-kwasan horar da malamai, a haɗa ɗaliban sashen Hausa da na sashen Ingilishi a darasin kwatanta harsuna, ko da na makonni kaɗan ne. A azuzuwan da ke da yara masu harsuna dabam-dabam, kamar yadda ake samu a biranen kudancin ƙasar nan da na tsakiyarta, malami ya tambayi kowane rukuni yadda harshensu ke bambanta waɗannan ma'anoni biyu.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa zaɓi tsakanin "a" da "the" a maganganun maimaici ya dogara ne a kan abin da mai magana yake ɗauka mai sauraro ya sani. An ga inda ƙa'idar da aka saba haddacewa ta yi daidai da inda ta gaza, an kuma ga cewa Hausa tana da nata hanyoyin bayyana wannan bambanci, ta aikatau da kalmomi irin su "wani" da "ɗayan". Gyaran da ake nema bai wuce sauya jimla guda a jagoran malamai da sake duba wasu tambayoyin jarrabawa ba, sai kuma malaman harsunan biyu su riƙa tuntuɓar juna. Da an yi haka tun farko, da yarinyar da aka ambata a gabatarwa ta sami makinta, shi kuwa malamin da ya gyara mata jimla da ya fita daga kwaleji da ƙa'idar da za ta amfane shi da ɗalibansa.